Victoria's Secret: Tashi da dusashewar daular da ta daina tambayar mai saka rigar

A shekarar 1982 wani ɗan kasuwa daga jihar Ohio ta Amurka ya biya kimanin dala miliyan 1, ya sayi wasu 'yan shaguna da ke dab da durƙushewa a yankin San Francisco. Zuwa 2016 cinikin waɗannan shaguna a shekara guda ya haura dala biliyan 7.7, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na kasuwar tufafin ciki na mata a Amurka yana hannunsu. Ba a cika shekara huɗu ba bayan wannan, a watan Fabrairun 2020, aka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 1.1 kacal. Wanda ya taya ma daga baya ya ce ya fasa.

Sunan kamfanin Victoria's Secret. Ba baƙon suna ba ne a Kuje, ko a wurin matan da ba su taɓa ganin ƙofar shagonsa ba. Yana jikin kwalaben turaren fesawa da man shafawa da ake jerawa a shagunan kayan mata na kasuwar Kuje da ta Wuse, wasu na ainihi, wasu kuma jabu. Yana cikin akwatunan lefe. Yana cikin hotunan da ma'aikaciyar gwamnati ke sanyawa a WhatsApp bayan an tashi daga ofis, domin ta haɗa da ɗan abin da albashi bai kai ba.

Labarin kamfanin ya wuce labarin rigar mama da ɗan kamfai. Labari ne na kasuwancin da ya bunƙasa ranar da ya gane cewa mai saye da mai sawa ba lalle su zama mutum ɗaya ba, ya kuma fara gangarowa ranar da shugabanninsa suka manta da wannan darasi da su da kansu suka gano.

Kunyar wani magidanci

Roy Raymond yana da shekara 30 lokacin da ya buɗe shagon farko a 1977, a cibiyar kasuwanci ta Stanford da ke Palo Alto a jihar Kaliforniya. Dalilin da ya bayar mai sauƙi ne. Ya taɓa shiga wani babban kanti domin saya wa matarsa tufafin ciki, sai ya ji kunya ta rufe shi: kayan ba su da fasali, hasken wurin ya yi yawa, matan da ke sayarwa kuma suna kallonsa kamar wanda ya yi ɓatan kai. Ya ƙudurta kafa shagon da namiji zai shiga ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ya ranci dala 40,000 a banki, ya karɓi wata dala 40,000 a wurin dangi, shi da matarsa Gaye suka fara. Aka ƙawata shagon da katako mai duhu da dardumai da labulen siliki, irin na gidajen masu hali na Ingila a zamanin Sarauniya Victoria, wadda daga sunanta aka samo sunan shagon. A shekarar farko an yi cinikin kimanin dala 500,000. Daga nan aka ƙara rassa, aka kuma fara buga littafin tallar kaya da ake aika wa mutane ta gidan waya su zaɓa su yi oda.

Sai dai akwai ɓaraka tun daga tushe. An gina shagon ne domin jin daɗin mijin da zai saya, alhali mafi yawan tufafin ciki mata ne ke saya wa kansu, kuma na yau da kullum suke nema, ba na kwalliyar dare ɗaya ba. Zuwa 1982 rassan ba su wuce shida ba, kuma bashi ya fara yi wa Raymond katutu. Ya sayar, ya kafa wani shagon kayan yara mai suna My Child's Destiny, wanda ya karye a 1986. A watan Agustan 1993 ya faɗa daga gadar Golden Gate, ya mutu yana da shekara 46. A lokacin, shagon da ya sayar ya riga ya kai cinikin dala biliyan 1 a shekara.

Wexner ya juya akala

Mutumin da ya saya shi ne Leslie Wexner, wanda ya fara kasuwanci a 1963 da rancen dala 5,000 daga wata 'yar'uwar iyayensa, ya kafa shagon kayan mata mai suna The Limited a gefen birnin Columbus. Da ya leƙa shagon Raymond, abin da ya gani shi ne wurin da mace mai kamun kai za ta ji nauyin shiga. Ya kuma lura da wani giɓi a kasuwa: a Amurka ta wancan lokaci, mace ko dai ta sayi fararen tufafin ciki marasa ado a babban kanti, ko ta sayi masu tsananin tsada, ko kuma na rashin kunya ƙarara. Babu na tsakiya, mai kyau da mace mai matsakaicin albashi za ta iya saya.

Wexner ya cike wannan giɓi. Ya sauya launin shaguna da ƙamshinsu da kiɗan da ake sakawa a ciki, ya mayar da su wurin da mace za ta ji cewa dominta aka gina. Ya kawo launuka da yadi masu laushi irin na Turai a farashi mai sauƙi. Ya kuma yi wata dabara ta talla: littafin tallar kayan yana ɗauke da adireshin wani gida a titin Margaret da ke Landan, domin mai saye ta ɗauka daga Ingila kayan suke, alhali hedkwatar tana Columbus.

Zamanin ma ya taimaka masa. Shekarun 1980 da 1990 su ne lokacin da manyan rukunonin shaguna suka mamaye garuruwan Amurka, Wexner kuwa yana da shaguna iri-iri da masu gine-ginen ke rububin ba su haya. Duk inda aka buɗe sabon rukuni, sai Victoria's Secret ya samu wuri mai kyau. A farkon shekarun 1990 rassa sun kai kimanin 350. A 2002 aka ƙirƙiro reshen PINK domin 'yan mata ɗaliban jami'a, wanda ya zama hanyar kama mai saye tun tana ƙarama. Aka ƙara da turare da man shafawa, waɗanda su ne suka fi yin nisa a duniya, har suka iso kasuwannin Abuja da Kano.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan nasara ta fito ne daga tambaya ɗaya da Raymond bai yi ba, Wexner ya yi: mece ce bukatar macen da za ta saka kayan?

Dandalin fuka-fukai

A watan Agustan 1995 kamfanin ya shirya bikin nuna kayansa na farko a otal ɗin Plaza da ke New York. Ƙaramin taro ne. Mutumin da ya mayar da shi gagarumin al'amari shi ne Ed Razek, shugaban sashen talla, wanda ya kasance na hannun daman Wexner tun shekarun 1980. A 1997 aka fara kiran zaɓaɓɓun 'yan tallar kamfanin da laƙabin Angels, wato mala'iku a harshen Ingilishi, ana ɗaura musu manyan fuka-fukai su yi tafiya a kan dandali. Tyra Banks da Heidi Klum da Gisele Bündchen da Adriana Lima duk sun yi suna a wannan fage.

A 1999 aka tallata bikin a lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, aka kuma watsa shi ta intanet. Kimanin mutum miliyan 1.5 suka yi ƙoƙarin kallo, har na'urorin suka gaza ɗauka. A 2000 Bündchen ta saka wata rigar mama da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan 15. A 2001 tashar ABC ta fara nuna bikin a talabijin, mutum miliyan 12.4 suka kalla. Daga baya aka riƙa kai shi wasu ƙasashe: Landan a 2014, Paris a 2016, Shanghai a 2017.

Yammacin Afirka ma ya shiga labarin ta fuska biyu. Oluchi Onweagba, 'yar Najeriyar da ta lashe gasar Face of Africa a 1998, ta hau wannan dandali sau da dama a shekarun 2000. Mayowa Nicholas, ita ma daga Legas, an zaɓe ta a 2017 amma ba ta samu bizar ƙasar Sin ba, sai a 2018 ta hau. Ta ɗaya fuskar kuwa, kamfanin ya riƙa sayen auduga daga Burkina Faso yana tallata ta a matsayin wadda aka noma bisa adalci, har zuwa watan Disambar 2011 da kafar Bloomberg ta ruwaito cewa ana sa ƙananan yara aikin ƙarfi a wasu gonakin. Ƙungiyar da ke ba da shaidar cinikin adalci ta musanta sassan rahoton, amma tabon ya zauna.

Bikin ya kawo suna da kuɗi, ya kuma kawo wata illa da ba a gani ba sai daga baya. Sannu a hankali kamfanin ya koma kallon mace da idon namiji, wato daidai kuskuren da ya kayar da Raymond. Dogaye, sirara, masu ƙuruciya, su ne kaɗai ake nunawa, kuma maza biyu da shekarunsu suka ja ne ke yanke hukuncin abin da ake kira kyau. Muddin kuɗi na shigowa, babu wanda ya ga dalilin tambaya.

Kiɗa ya sauya

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kiɗan ya fara sauyawa ne a tsakiyar shekarun 2010, ta hanyoyi uku a lokaci guda.

Na farko, abin da mata ke so ya canza. Ribar kamfanin ta dogara ne a kan rigar mama mai soso da ƙarfe, mai tsada. Sai 'yan mata suka koma wa marar soso marar ƙarfe, da irin wadda ake sawa domin motsa jiki, waɗanda suka fi sauƙin sawa, suka fi araha, kuma kowane ƙaramin kamfani zai iya ɗinka su. Da Victoria's Secret ya bi sahu daga baya, sai ya tarar yana sayar da kaya masu yawa a farashi ƙasa da wanda ya saba.

Na biyu, kasuwar ta tashi daga rukunonin shaguna ta koma waya. Rassa fiye da 1,000 da a da su ne ƙarfin kamfanin, sai suka zama kaya a wuyansa, domin haya ba ta raguwa don masu shigowa sun ragu.

Na uku, masu gasa sun shigo ta ƙofar da ya bari a buɗe. A 2013 aka kafa ThirdLove, wanda ke sayarwa ta intanet, ya kuma kawo ma'aunai na tsakiya domin matan da ba su dace da ma'aunin da aka saba ba. A 2014 Aerie ya sanar cewa ya daina gyara hotunan 'yan tallarsa da kwamfuta, cinikinsa ya riƙa hawa shekara bayan shekara. A watan Mayun 2018 mawaƙiya Rihanna ta fito da Savage X Fenty, a watan Satumba kuma ta shirya nata bikin a New York da mata masu ƙiba da sirara da baƙaƙe da farare, har da masu juna biyu.

Ba wai ba a gaya wa kamfanin ba. A 2013 mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a wata takardar roƙo cewa ya ɗinka rigar mama domin matan da aka yi wa tiyatar sankarar mama. Ya karɓi takardar, ya ce ba zai yi ba. A 2014 ya fito da wata talla da ta jera sirara goma a ƙarƙashin kalmomin da ke nufin cikakkiyar sura, wasu ɗalibai mata a Birtaniya suka tayar da ƙura har ya sauya kalmomin, amma hoton bai sauya ba. Kamfanin da ke sayar wa miliyoyin iyaye mata kaya bai da rigar mama ta masu shayarwa.

A 2016 Sharen Jester Turney, wadda ta shugabanci kamfanin na shekara goma, ta ajiye aiki, Wexner ya karɓi ragama da kansa. Ya dakatar da littafin talla da ke cin sama da dala miliyan 100 a shekara, ya kuma daina sayar da kayan ninƙaya da ke kawo kimanin dala miliyan 500. Matan da ke shigowa domin kayan ninƙaya su haɗa da wani abu, sai suka daina shigowa. Aka koma karya farashi da rabon kyauta domin jawo mutane, abin da ya ƙara zubar da darajar sunan. Zuwa 2018 kason kamfanin a kasuwar Amurka ya sauka zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

Ranar wanka

A watan Nuwamban 2018 mujallar Vogue ta tambayi Razek dalilin da ya sa ba a ganin mata masu jiki da masu sauya jinsi a bikin. Amsarsa ita ce bikin mafarki ne ake nunawa, kuma an taɓa gwada shirin talabijin na masu jiki babu wanda ya nuna sha'awa. Ya nemi afuwa kan wani sashe na maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A wannan watan shugabar sashen tufafin ciki, Jan Singer, ta bar aiki. Da aka nuna bikin a talabijin a watan Disamba, mutum miliyan 3.3 ne suka kalla, mafi ƙaranci a tarihinsa. A watan Fabrairun 2019 aka sanar da rufe rassa 53. Razek ya tafi a watan Agusta, a watan Nuwamba kuma aka soke bikin.

Kafin wannan ƙura ta lafa, wata da ta fi ta girma ta taso. A watan Yulin 2019 aka kama Jeffrey Epstein bisa tuhumar safarar 'yan mata ƙanana domin lalata. Epstein ya shafe shekaru yana kula da dukiyar Wexner, wanda a 1991 ya sa hannu a takardar wakilci da ta ba shi wuƙa da nama: ya sa hannu a cek, ya ci bashi, ya saya, ya sayar da sunan maigidansa. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa tun tsakiyar shekarun 1990 wasu manyan jami'an kamfanin suka samu labarin Epstein na gabatar da kansa ga 'yan mata a matsayin mai ɗaukar 'yan talla wa Victoria's Secret, kuma an sanar da Wexner. Shi dai Wexner ya ce bai san laifukan Epstein ba, ya yanke hulɗa da shi tun 2007, ya kuma zarge shi da karkatar da maƙudan kuɗin iyalinsa, inda aka dawo da aƙalla dala miliyan 46. Epstein ya mutu a kurkuku a watan Agustan 2019 kafin a yi masa shari'a.

A farkon Fabrairun 2020 jaridar ta sake fitar da wani bincike, inda ma'aikata da 'yan talla suka yi zargin cin zarafi da tsangwama a cikin kamfanin, galibi a kan Razek, wanda ya musanta. Abin da ya fi jan hankali a rahoton shi ne iƙirarin cewa an sha kai ƙorafi, amma kusancinsa da mai kamfani ya sa ba a yi komai ba, har wasu masu ƙorafin ne suka rasa aikinsu. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin shugaban da ya daɗe a kujera ya san yadda irin wannan ke faruwa: na kusa da maigida ba ya laifi, labari marar daɗi kuma yakan mutu a kan teburin mataimaki kafin ya kai ciki.

Hannun jarin uwar kamfanin, L Brands, wanda ya kusa dala 100 a ƙarshen 2015, ya faɗi ƙasa da dala 20 a 2019. Ranar 20 ga Fabrairun 2020 aka sanar cewa kamfanin zuba jari na Sycamore Partners zai sayi kashi 55 cikin 100 a kan dala miliyan 525. Sai annobar korona ta rufe shaguna, Sycamore ya garzaya kotu yana neman janyewa, a watan Mayu aka warware cinikin. A wannan watan Wexner ya sauka yana da shekara 82, bayan shekara 57 yana jan ragama. Aka sanar da rufe rassa kimanin 250 a Amurka da Kanada, reshen Birtaniya ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, cinikin shekarar kuma ya sauka zuwa dala biliyan 5.4.

Gyara bayan ɓarna

A watan Agustan 2021 aka raba Victoria's Secret da L Brands, ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Sabuwar hukumar daraktocinsa mutum bakwai ce, shida mata. Aka ajiye fuka-fukai, aka ɗauko fitattun mata irin su 'yar ƙwallo Megan Rapinoe da 'yar fim Priyanka Chopra Jonas da Adut Akech 'yar asalin Sudan ta Kudu su zama fuskar kamfanin. Aka fito da rigar mama ta masu shayarwa da ta waɗanda aka yi wa tiyata, shekara takwas bayan an ƙi. Sabon shugaba, Martin Waters, ya amsa a bainar jama'a cewa duniya ta sauya su kuwa sun yi nawa. A ƙarshen 2022 kamfanin ya sayi Adore Me, ɗaya daga cikin masu gasa da shi ta intanet, a kan dala miliyan 400. A 2023 ya fitar da wani fim a madadin bikin, wanda ya haɗa masu zanen tufafi da masu fasaha daga Legas da Bogota da Landan da Tokyo, ciki har da Bubu Ogisi.

Kasuwa ba ta yi saurin yafewa ba. Ciniki ya sauka daga dala biliyan 6.8 a 2021 zuwa 6.3 a 2022, sannan 6.2 a 2023. Waɗanda suka tafi ba su yarda tuban na gaskiya ba ne, wasu daga cikin waɗanda suka zauna kuma suka ce ba su gane shagon nasu ba. A watan Satumban 2024 aka naɗa Hillary Super shugaba, kuma daga Savage X Fenty aka ɗauko ta, wato gidan da ya taimaka wajen kayar da su. Ranar 15 ga Oktoban 2024 bikin ya dawo a Brooklyn, da fuka-fukansa, amma da mata masu shekaru da siffofi daban-daban. Kamfanin bai mutu ba, har yanzu shi ne mafi girma a fagensa a Amurka. Abin da ya rasa shi ne ikon faɗa wa mata abin da za su so.

Mai saye da mai sawa

Tambayar wane ne ke saye, wane ne ke sayarwa, wace ce kuma ke sawa, ba ta Amurka kaɗai ba ce. A Saudiyya, shekaru da dama maza ne ke tsaye a shagunan tufafin ciki na mata, mace ta rasa yadda za ta faɗi ma'auninta, ta sayi abin da bai yi mata daidai ba ta tafi. A 2008 wata malama a Jidda, Reem Asaad, ta fara kiran mata su ƙaurace wa irin waɗannan shaguna. A 2011 Sarki Abdullah ya ba da umarnin cewa mata ne kawai za su riƙa sayarwa a cikinsu, umarnin ya fara aiki a watan Janairun 2012, ya kuma buɗe wa dubban mata ƙofar aiki.

A ƙasar Hausa an daɗe da samun mafita ta gida. Dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da ƙullin kaya, ta san ma'aunin kowace mace a unguwa, ta san wadda ta haihu jikinta ya sauya, ta san wadda za ta biya ƙarshen wata, tana kuma karɓar kaya ta canza idan bai yi ba. Jarinta kaɗan ne, amma tana da abin da kamfanin biliyoyin daloli ya rasa a shekarunsa na ƙarshe a sama: tana jin ƙorafi daga bakin mai shi, ba ta hannun kowa ba. Matan da ke sayarwa ta WhatsApp da Instagram a yau, a Kuje da Lugbe da Kubwa da Gwagwalada, gadon dillaliya suka ci, waya ce kawai ta maye gurbin ƙulli.

Lefe kuwa shi ne wurin da matsalar Raymond ta fi fitowa fili. Ango ne ke biya, yayyensa da gwaggonninsa ne ke zuwa kasuwa, 'yan kallo ne ke yaba akwati ko su kushe, amarya kuma ita ce za ta saka. Atamfa da leshi ana kai wa tela ya auna, amma rigar mama da ɗan kamfai da rigar barci sau da yawa da ƙiyasi ake saye, ko a aika ƙawar amarya ta tambayo a asirce. Abin da bai yi daidai ba yakan ƙare a hannun ƙanne, ko ya koma wurin dillaliya a rabin kuɗinsa. Shi ya sa wasu iyalai suka fara miƙa wa amarya kuɗin wannan sashe ta zaɓa da kanta.

Tsadar rayuwa ta ƙara wa lamarin nauyi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ma'aikacin da ke bin hanyar filin jirgi kullum daga Kuje zuwa Sakatariyar Tarayya yana haɗa lefe, ba shi da kuɗin da zai zubar a kan suna kawai. Kayan da ke shigowa cikin akwatin matafiya daga Dubai da Landan sun yi tsada, na kwantena daga Sin sun cika kasuwa, gwanjo kuma yana nan duk da cewa tufafin da aka yi amfani da su na cikin jerin kayan da dokar kwastam ta hana shigowa da su. A irin wannan kasuwa, mai saye tana duba ɗinki da yadi da ma'auni kafin ta duba tambari, kuma mai shagon da ta bari a gwada ko a canza ita ce ake komawa wurinta.

Wexner ya gina daularsa ne da wannan sani, ya kuma riƙe ta fiye da shekara 30 kafin yabon na kusa da shi ya fi ƙarfin muryar masu saye. Gargaɗin bai zo masa a ɓoye ba: ya zo a takardar roƙo ta 2013, a ƙurar 2014, a alƙaluman masu kallo da ke raguwa kowace shekara, da ƙorafin ma'aikatansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan sana'a mai ɗakin ita ce macen da za ta wuni da rigar a jikinta.